Irin Albasar da na Kai Malanbil

Tun da na dawo, ba a idar da sallar la'asar ba tare da wani ya tsare ni a ƙofar masallaci ba. Wannan ya ce, "Malam Haruna, da gaske ka shiga jirgin ruwa?" Wancan ya ce, "An ce can mata ke da garake?" Ina ba da amsa gutsure-gutsure, kowa ya tafi da nasa guntun. Shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na ƴan lakwal, wato makarantar boko, in rubuta abin sau ɗaya tun daga farko, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da hannuna.

Zan fara da abin da ya fitar da ni daga Tajaye, don ba kallon duniya na je ba.

Ɗana na fari, wanda kuka sani da Ɗanjuma, Allah ya karɓi abinsa farkon damina. Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi. Ni manomin hatsi ne, gero da dawa da wake. Shi kuwa tun yana saurayi ya koma wajen Galmi ya koyi aikin garka, wato noman albasa na rani, daga baya ya bar sayar da albasa ya kama noman irinta. Shekarar farko ya noma da yawa bai nemi masu saye ba tukuna, abin ya kwana a hannunsa. Ya kawo ragowar ya jingine bayan rumbuna, ya ce, "Baba, wannan ya gama aiki." Na ji shi da kunnena.

Da shekara ta kewayo ya yi dabara. Ya zuba kawunan irin cikin rumbuna ba a sussuka ba, shi kuma ya tafi Malanbil, ƙasar Benin, neman masu saye tun kafin lokacin shuka. Ya samu. Ya kira ni ta salula ya ce a sussuke a aika masa da mota.

A gidanmu ba a zubar da iri. Haka na taras da babana yana yi, shi ma haka ya taras. In za a fita shuka, sai a juye abin da ya rage na bara cikin na bana a gauraya, don albarkar gida kada ta yanke. Gero yana jure wannan, yakan yi shekara uku a rumbu ya fito lafiya. To da aka gama sussuka da shiƙa, na ɗauko wancan tsohon irin na bayan rumbu na juye a ciki, na sa hannu na gauraya shi sosai, da bismilla. Da kaya suka isa ya kira ni yana murna. "Baba, ai ya fi yadda na zata yawa!" Na ce masa, "Albarka ce, ɗana."

Shekarar nan cinikinsa na Malanbil ya watse. Na san ya watse, ban san dalili ba. Ya ce mini ƙasar can ce ba ta karɓi irin ba. Ya dawo ya sake farawa daga fangali biyu, yana sayar wa na kusa kaɗan-kaɗan, har cikin shekara uku mutanen Malbaza suka fara zuwa gida neman irinsa. Na dai lura bai ƙara aje iri a rumbuna ba. Na ɗauka nisa ne.

Bayan sadakar arba'in na shiga ɗakin kayansa in taya matarsa Rabi gyarawa. Na taras da gwangwanaye a rufe ruf, kowane da watan da aka girbe shi rubuce a jiki, da wani ɗan buhu a gefe mai ragowar na bara. Na buɗe gwangwani ɗaya, na ɗauko ƙwarya, na kama bakin buhun zan juye. Rabi, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, sai ga ta ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu.

"Baba, kada! Don Allah kada."

Ta durƙusa tana kuka ta faɗa mini. Irin albasa ba gero ba ne, in ya wuce shekara ɗaya ya mutu. Wancan da na gauraya matacce ne, kuma ya fi sabon yawa. Mutanen da suka saya sun shuka, fangalinsu ya fito tsilli-tsilli, kafin su gane lokacin reno ya wuce. Ita ta gan ni ina gaurayawa, a lokacin ita ma ba ta sani ba. Da ta gaya masa, ya ce, "Kada Baba ya ji, har abada." Tun daga nan, duk shekara da hannunsa yake ƙone tsohon iri. Wannan ɗin ajali ne ya riga shi.

Na tafi wurin taubashina Ilu, wanda ya yi shekaru yana bin motocin albasa har can. Na ce ya gaya mini gaskiya, me ake cewa game da yaron a Malanbil. Ilu da ba ya rufe baki, ranar sai da na tambaye shi sau uku. Ya ce a kasuwar can, in iri ya ƙi fitowa, ko na tumatir ne ko na kuɓewa, cewa ake "irin ɗan Tajaye ne." Har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba suna faɗa.

Yaron yana kwance a maƙabarta, sunansa kuma yana yawo a bakin kasuwa kan abin da hannuna ya yi. Na jira aka gama girbin gero. Rabi ta ba ni gwangwani ɗaya daga irinsa na ƙarshe, ta koya mini yadda yake gwada shi. Ilu ya ce zai raka ni. "In na bar ka kai kaɗai, bagidaje, a Doso za ka sauka ka ce ka iso Makka."

Da sassafe muka hau kabu-kabu zuwa bakin kwalta, daga nan mota zuwa Ƙonni. A tashar Ƙonni muka samu mai zuwa Doso. An ce mana saura mutum biyu ta cika. Mutum biyun nan sai da muka jira su har rana ta take. Ilu ya sayi tsire ya ci shi kaɗai yana kallona, wai masu takaba ba su cin yaji. Na ce masa takaba ta mata ce. Ya ce ai yadda na rungume gwangwanin nan a cinya, ba ni da bambanci da mai jego.

Kusa da ni wata mata ce ƴar Dogonduci, da buhunan kauɗar tumatir da za ta kai Gaya. Ta ga ban ci komai ba, ta miƙo mini ƙuli-ƙuli ba ta tambaye ni ba. Hira ta kai mu ga sana'a. Ta ce da farko ɗanyen tumatir take kaiwa. Wata rana mota ta lalace da su kwana biyu cikin daji, tana zaune tana kallon kayanta suna tsiyaya ta ƙarƙashin mota, awaki suna lasa. "Mijina ya ce in zauna gida. Na zauna wata ɗaya ina yanka tumatir ina shanyawa kan tabarma don haushi. Ka gan ni nan, haushin ne nake sayarwa har yau." Ta ce abin da ba ya iya jiran mota ba ta ƙara ɗaukarsa. Ilu ya ce shi ma ya yi kiwon kaji sun mutu, ya yi injin niƙa ya ƙone, ya yi kiwon tantabaru sun koma gidan wanda ya sayar masa. Ta ce, "To kai me ka koya?" Ya ce, "Na koyi bin motar wani." Har direba sai da ya yi dariya.

Bayan Doso, a wani shinge, aka ce kowa ya sauka da kayansa da takardar shaida. Wani jandarma matashi ya ce in buɗe gwangwani. Na ce in an buɗe iska za ta shiga. Maganar nan ita ta ɓata. Ya buɗe da kansa, ya ga abu baƙi ƙirin, ƙanana masu kusurwa, ya ja da baya ya kira babbansu. Albarushi suka ɗauka. Ilu ne ya ce, "Ranka ya daɗe, ka dubi wanga tsoho. Ko bindigar ka ba shi, kaftu zai yi da ita." Babban ya ɗebi ƙwaya biyu ya tauna, ya tofar, ya ce, "Albasa ce." Ashe shi ma ɗan masu garka ne. Ya rufe gwangwanin da kyau da hannunsa, ya tambaye ni na Galmi ne, na ce e. Ya ce in yi hankali da zafin injin mota, in ɗora shi kan ƙafata kada ya taɓa ƙasa. Haka na yi har Gaya.

A Gaya muka kwana a zauren wani abokin Ilu mai sayar da rake. Ban taɓa ganin sauro mai ƙarfin hali irin na garin nan ba. Da safe fuskar Ilu ta kumbura, na ce masa yau dai ya yi ƙiba.

Lokacin da muka je gadar kogin da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe take, kowa da jirgin ruwa yake tsallakawa. Ku da kuke tambaya: e, na shiga. Ni da babban ruwan da na sani shi ne tabkin damina, na tsaya bakin kogin na ga ƙasar Benin can kamar zare. Jirgin na katako ne, dogo, da inji a baya. An loda buhuna, da babura biyu, da tumaki, sannan mu. Na shiga da ƙafar dama, jirgin ya karkata, na zauna kan tunkiyar wani ba da niyya ba. A tsakiyar ruwa iska ta ɗauke mini hula. Hannuwana biyu suna kan gwangwani, ban sake shi ba, ina kallo hular ta tafi. Mai jirgin ya ce kada in damu, gobe war haka ta isa Najeriya, ba mai tambayarta takarda. Shi a da dako yake yi a kan gadar. Da aka rufe ta ya yi wata biyu yana zagi, sannan ya tuna kakansa masunci ne.

A Malanbil masu kabu-kabu riga iri ɗaya suke sawa, kuma suna ce wa kansu zem. Mata na tuƙa babur da goyo a baya ba mai waiwayensu. Dandawa ne suka fi yawa, gaisuwarsu "fofo", amma duk wanda ke kasuwa yana jin Hausa. Ilu ya yi tambaya aka kwatanta mana ƙauyen da ɗana ya sayar da irin, yana bakin kogi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a kan babur.

Wadda muka nema sunanta Hajiya Biba, ita ce shugabar masu garake a ƙauyen, maza da mata. A wurinmu namiji ke da garka, mace ta taya dashe. Can na ga mace tsaye kan injin ban ruwa tana ba maza umarni, ba wanda ya ga abin mamaki. Hajiya Biba ce ta tsaya wa ɗana a wancan lokaci, ta ce a saya a wurinsa. Mun same ta cikin fangali, zane a ɗaure sama da gwiwa, laka har ƙwauri. Ilu ya ce, "Hajiya, ga mahaifin yaron nan na Tajaye." Ta dube ni, ta dubi gwangwanin.

"Shi ya aiko ka? Ƙafarsa ta karye ne?"

Na ce mata ya rasu.

Ta aje abin da ke hannunta. Ta kira sunansa na yanka, wanda ni ban taɓa faɗa da bakina ba, ta kira shi sau biyu. Sannan ta wanke hannu a bakin rariyar ruwa, ta ce mu tafi gida.

A gida ta ba ni labarin da ban sani ba. Ta ce da irin ya ƙi, ba gudu ya yi ba. Ya dawo ƙauyen da ƙafarsa, ya tsaya aka zage shi tun hantsi har azahar. Ya durƙusa ya tona fangali ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙwayoyin da suka ruɓe. An tambaye shi me ya faru, ya ce, "Na sayar muku da abin da ban gwada ba. Laifina ne." Ta ce, "Na matsa masa ni da shi, na ce yaro, wani ya cuce ka ne? Ya ce ba wanda ya cuce shi." Ta ce ita ta yafe tun ranar. Amma ba kowa ba.

Na ce mata ina so a tara mini mutanen, ina da magana. Ta ce gobe Juma'a, bayan an sauko.

An taru ƙarƙashin mangwaro, mutum kamar talatin. Na tashi tsaye, kaina ba hula. Na shirya magana mai tsawo tun daga Tajaye, amma da na buɗe baki kaɗan ce ta fito. Na ce ni ne mahaifinsa. Na ce irin da ya noma mai kyau ne, ni na zuba matacce a ciki, bisa al'adarmu ta masu gero, shi bai sani ba. Da ya sani kuma ya rufa mini asiri har ya koma ga Allah. Na ce na ji abin da ake faɗa a kasuwa, shi ya kawo ni.

Wani dattijo mai suna Gado, siriri, mai farin gemu, bai ɗago kai ba tun da na fara. Hajiya ta riga ta gaya mini shi ya fi kowa shan wahala. Duk gonarsa ya shirya wa irin, shekarar ta wuce masa ba komai, babban ɗansa ya tafi Kwatano neman aiki bai dawo da zama ba har yau. Da na gama ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma uba ne ke magana. Wane uba ne ba zai ɗauke wa ɗansa ba? Ka ce ya iya noman iri. Ni magana ba ta taɓa tsiro a gonata ba."

Na ce gaskiyarsa. Na ce ga irin yaron na ƙarshe, a gwada yadda shi yake gwadawa. Na nemi tsumman buhun garara, na jiƙa shi, na ce Gado ya ɗebo da hannunsa daga inda ya ga dama, ya ƙirga ƙwaya ɗari. Ya tura hannu har ƙasan gwangwani. Muka jera su a kan tsumman, na naɗe, na ce a aje a inuwa, a yayyafa ruwa safe da yamma. Gado ya ce a ɗakinsa za a aje, kuma ba mai taɓawa sai shi. Ilu ya ce, "To, a sa masa gidan sauro, don na garin nan har iri suna iya ci." Wasu suka yi dariya, Gado bai yi ba.

Kwana shida muka yi muna jira. Ɗakin baƙi na gidan Hajiya aka ba mu. A nan na ci sakwara karo na farko. Na gutsura na yi ta tauna, jikokinta suna leƙe suna dariya, ashe haɗiyewa ake yi. Suna da wani cuku mai taushi da jan baya, wagashi, ana soya shi a sa a miya kamar nama. Na ce musu namu cukun sai an sa haƙori da niyya. Kifi kuwa safe da rana, har na fara jin kunyar kogin. Abin da na rasa hura ce. Kwana uku ban sha ba, na ji kamar ban ci komai ba. Hajiya ta lura, ta aika aka samo gero wurin wasu Fulani, ta sa aka dama mini. Ba ta yi kamar ta gida ba, tsamin ya yi yawa, amma na shanye na yi godiya, don na ga yadda take kallon bakina.

Da rana ina bin su garka. Ban iya zama ba. Na taya su gyaran fangali, su kuma suna ba ni labarin yaron. Wata ta ce shi ya nuna mata ta rage ruwa in albasa ta kusa nuna don ta daɗe a ajiya. Wani ya ce yana cin barkono kamar ba ɗan Nijar ba. Wani ya ce ya faɗa kogi sau ɗaya yana ƙoƙarin koyon tuƙa jirgi. Ni da na haife shi ban san ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ina saurare, in abin ya yi mini nauyi sai in duƙa in ci gaba da aiki.

Kowace safiya nakan je ƙofar Gado in gaishe shi. Ba na tambaya, shi ma ba ya faɗa. Rana ta huɗu ya ce, "Ba komai tukuna." Na koma na zauna bakin ruwa. Na tuna zafin mota, da buɗewar da aka yi a shinge, da damshin kogi. Na ce a raina in irin nan ya ƙi, na zo na ƙara wa yaron wani kaya a kan wanda yake ɗauke da shi. Ilu ya zo ya zauna kusa da ni. Ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya fasa. Muka zauna haka har aka kira azahar.

Rana ta shida da hantsi Gado ya fito da tsumman a kan faifai, ya kawo ƙarƙashin mangwaro, ya aika a kira mutane. Shi ya warware. Fararen saiwoyi ne ko'ina, sirara kamar zaren ɗinki, wasu har sun huda buhun. Ya sa tsinke yana ware waɗanda suka ƙi, yana ƙirgawa a bayyane. Tara ne. Ya sake dubawa, tara ɗin dai.

Ya daɗe yana kallon faifan. Sannan ya ce, "Yaron ya iya aiki."

Hajiya ta ce, "To, Gado, kai ka fara faɗin maganar nan ta irin ɗan Tajaye a kasuwa, kowa ya sani."

Ya ce, "Ni ne. Amma ta fita hannuna, Hajiya. Ta shiga bakin mutum dubu. In na ce a daina, wa zai ji? Mutane na son abin da za su kira mataccen iri da shi."

Na ce, "To kada a daina. A mayar da ita kan mai ita. Ni na gauraya. A ce irin tsohon Tajaye."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Malam, tun daga ƙasarku ka tsallako kogi neman zagi?"

Ilu ya ce, "Ku ba shi, Hajiya, ya cancanta. Ni na san shi tun muna yara, ko tuwo aka ba shi sai ya gauraya da na jiya."

Wannan karon har Gado ya yi dariya. Na miƙa wa Hajiya gwangwanin, ta raba wa waɗanda abin ya shafa, ta fara da Gado. Ta karɓi lambar Rabi, ta ce in yarinyar za ta ci gaba da aikin mijinta, baɗi su ne na farko, amma za su gwada kafin su shuka. Na ce ita ma ba za ta yarda su shuka ba su gwada ba.

Ranar da za mu taho ranar kasuwar Malanbil ce. Gado ya ce zai raka mu. Ya saya mini hula, ta yi mini yawa, ita ce kuke gani a kaina. Maimakon mu nufi bakin jirgi, ya ja hannuna zuwa layin masu sayar da iri. Ya tsaya gaban rumfar da ta fi cika, ya ɗebi iri a tafin hannu, ya shinshina, ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

"Kai, wannan ba irin tsohon Tajaye ba ne dai ko?"

Mai rumfar ya ce, "Ɗan Tajaye dai, Baba."

Gado ya ce, "A'a. Ɗan ba shi da laifi, irinsa na gonata yanzu haka. Tsohon ne. Ga shi nan tsaye."

Aka juyo ana kallona. Gado ya ba da labarin tun daga rumbu har tsumman buhu, da Dandanci, sannan da Hausa. Da ya kai wurin da na ce wa yaron albarka ce, wata mata ta tafa hannu ta ce, "Wayyo, Baba!" aka fashe da dariya. Na tsaya cikin hular da ta rufe mini kunne ana nuna ni da yatsa. Muka wuce rumfa ta gaba, ya sake. Rumfa biyar muka yi. Ban taɓa tsayawa a yi mini dariya raina yana kwance ba sai ranar.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Jirgi, Gaya, Doso, Ƙonni, gida. Na faɗa wa Rabi duk abin da ya faru, ina waje tana daga cikin ɗaki. Ta ce a watan gobe za ta dasa uwar albasa a fangalinsa biyu. Na ce zan riƙa yi mata ban ruwa, amma ɗakin iri ba zan ƙara shiga ba sai ta kira ni.

Ban sani ba ko maganar za ta kama a kasuwar can. Gado ya ce zai yi ta faɗa duk ranar kasuwa muddin yana da ƙafa. Ku yi wa yaron addu'a. Roƙona kuma ga masu bin motocin albasa: duk wanda ya je Malanbil ya ji an ce irin tsohon Tajaye, kada ya tare mini, kada ya ce ya san ni mutumin kirki ne. Ya bar su su faɗa.